Kifi ma yana ciwo: darasi daga wani kifin Amurka



A rangadin da muka yi na cibiyoyin yaƙi da jahilci da bazarar da ta wuce, mun yada zango a wani gari na bakin tabki. Da aka tashi daga karatu, sai wani dattijo masunci ya ɗaga hannu ya ce: "Malam, ina da tambaya. Shekaranjiya da asuba mun tarar da kifaye birjik a saman ruwa, ciki sama. Shin kifi ma yana ciwo kamar mutum da bisashe? In yana yi, wa ke duba shi?" Ƴan aji suka bushe da dariya. Amma tambayar tana da nauyi, domin ruwa ba ya tsami banza. Kifin nan shi ne cefanen gidansa, shi ne kuma naman miyar ƴaƴanmu.

Amsa ita ce, ƙwarai kuwa, kifi yana ciwo, kuma akwai masana da ba su da wani aiki sai duba lafiyarsa. Don mu fahimci aikinsu, yau za mu kai ku ƙasar Amurka, mu ba ku labarin wani kifi da ake kira bas mai ƙaton baki. Ba kifin ruwayenmu ba ne. Mun zaɓe shi ne saboda yana cikin kifayen ruwan daɗi da aka fi bincike a kansu a duniya, kuma abin da aka gano a jikinsa zai amfani mai su a Madarunfa, da Tabalak, da Gidimuni, da bakin kogin Kwara.

Wane irin kifi ne?

Asalin bas ruwayen gabashi da tsakiyar Amurka ne, daga kudancin Kanada, ya biyo kwarin kogin Misisipi, har zuwa arewacin Meziko. Bayansa kore ne mai duhu, cikinsa fari, da baƙin zane a gefensa daga kai har wutsiya. Bakinsa ne ya ba shi suna, don kuwa ƙashin muƙamuƙinsa na sama yana wuce saitin idonsa. Mafarauci ne kamar giwan ruwanmu. Yana laɓewa cikin ciyawar ruwa, ya haɗiye ƙananan kifaye, da kwaɗi, da ƙwari, har da ƴaƴan ƴan uwansa.

Akasarin waɗanda ake kamawa ba su wuce kilo 1 ko 2 ba. Amma a 1932 wani manomi mai suna Joj Peri ya kama mai kilo 10 da ƴan kai a jahar Jojiya, kuma sai a 2009 aka sami tsararsa a tabkin Biwa na ƙasar Japan.

Ta yaya masana ke sanin shekarun kifi? Suna cire ɓawo ɗaya daga jikinsa, ko wani ɗan dutse fari da ke cikin kansa kusa da kunne, su duba da madubin ƙara girma. Kowace shekara tana barin zobe guda, domin da sanyi girman kifi yana ja baya, da zafi ya ci gaba. Kamar yadda makiyayi ke buɗe bakin sa ya ƙirga haƙora, haka su ma suke ƙirga zobba. Ta haka aka san bas yana iya rayuwa fiye da shekara 10, kuma mace ta fi namiji girma.

Uba mai gadin gida

Idan sanyin ƙasarsu ya wuce, ruwa ya kai wajen digiri 15 zuwa 18, sai bas ya shiga haihuwa. Namiji ne ke gina gida. Yana zuwa wuri marar zurfi, ya share ƙasa da wutsiyarsa har ta zama kamar akushi. Mace ta zo ta zuba ƙwai dubbai, ta kama gabanta. Daga nan aiki ya koma kan uba. Shi ke fifita ƙwai da fukafukansa don ruwa mai iska ya riƙa ratsa su, shi ke korar duk wanda ya matso. Cikin ƴan kwanaki ƙwai su ƙyanƙyashe, ya ci gaba da tsaron ƴaƴan mako ɗaya ko biyu, wani lokaci fiye. Duk tsawon wannan gadi da ƙyar yake cin abinci.

Masu bincike sun nutsa cikin ruwa sun ga abin da ke faruwa idan ƙugiya ta ɗauke uban. Kafin a jima ƙananan kifaye sun faɗa wa gidan suna wasoson ƙwai. Ko da an mai da shi ruwa, sau da yawa yakan koma a gajiye, wani lokaci ya bar gidan gaba ɗaya. Saboda haka a wasu wurare, kamar lardin Ontariyo na Kanada, doka ta hana kamun bas a lokacin haihuwarsa.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Gargazarmu ma tana gina gida a ƙasan ruwa, kuma uwa tana ɓoye ƙwai da ƴaƴa cikin bakinta. Wanda ya kama ta a wannan hali, ɗaruruwan kifaye ya kashe da kamu ɗaya. Ashe da sarakunan ruwa na dauri suke rufe tabki wata da watanni, sun san abin da suke yi.

Halin kifi ma gado ne

A jahar Ilinoy akwai wani ƙaramin tabki mai suna Rij. A nan aka soma wani bincike a 1975, wanda wani masani, Dabid Filip, da abokan aikinsa suka ba da sakamakonsa a 2009. Ku dubi haƙuri irin na masu neman sani! Shekara 4 aka yi ana kamun bas da ƙugiya. Duk wanda aka kama sai a sa masa shaida, a rubuta a littafi, a mai da shi ruwa. Akwai kifi ɗaya da aka kama sau 16 cikin shekara guda. A 1980 aka zubar da ruwan tabkin, aka tattara kifaye fiye da 1,700. Sai ga shi wajen 200 daga cikinsu ƙugiya ba ta taɓa kama su ba ko sau ɗaya.

Masanan suka ware waɗannan masu wayo a tabki dabam, suka ware waɗanda aka kama sau 4 ko fiye a wani tabkin, kowane rukuni ya hayayyafa a tsakaninsa. Haka aka yi ta yi har zuriya uku. Abin da aka gani shi ne, ƴaƴan masu saurin faɗa wa ƙugiya su ma masu saurin faɗawa ne, ƴaƴan masu wayo kuwa sai ƙara wuyar kamu suke yi. Binciken da ya biyo baya ya nuna wani abu mai ban tausayi. Mazan da suka fi saurin cafkar ƙugiya su ne suka fi zafin nama wajen tsaron ƴaƴa. Wato ƙugiya tana tsince iyayen ƙwarai, tana barin ragwaye.

Manomi zai gane wannan nan take. Wanda ya cinye manyan zangarnu, ya ajiye ƙanana don iri, kada ya yi mamaki idan gonarsa ta lalace bayan ƴan shekaru. Tabki ma gona ce. Idan kowace shekara muka kwashe manyan iyaye kakaf, muka kuma share ƴaƴa da koma mai ƙananan idanu, to iri muka cinye.

Ciwon lokacin zafi

Yanzu mu dawo kan tambayar dattijon. A 1991 aka fara ganin wata ƙwayar cuta, irin wadda ake kira birus, a jikin bas na tabkin Wiya a jahar Fulorida. A 1995 ta kashe kifaye wajen 1,000 a madatsar ruwan Santi Kupa ta jahar Karolina ta Kudu. Daga nan aka yi ta ganinta a jahohi da dama.

A cikin kifi akwai wata jakar iska wadda duk mai gyaran kifi ya san ta. Ita ke ba shi ikon hawa da sauka cikin ruwa. Wannan cuta jakar take kamawa. Kifin da ya kamu sai ya taso sama, ya kasa nutsewa, ya riƙa iyo a karkace har ya mutu. Manyan kifaye ta fi kashewa, kuma ba ta kama mutum.

Abu biyu masana suka lura da su. Na farko, kifaye da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutar lafiyarsu lau, sai wahala ta same su sannan ta kada su. Shi ya sa mace-macen suka fi yawa a tsakiyar zafi. Na biyu, ƙwayar tana iya yin kwanaki da rai a cikin ruwa, don haka mutane da kansu suke ɗaukarta daga tabki zuwa tabki, cikin jiragen ruwa da bokitai da kifin da suke sauya wa wuri. Ba a yi wa tabki allura. Magani shi ne a wanke kaya, a shanya su su bushe, a daina yawo da kifi mai rai barkatai.

Sai dai ba kowace mutuwar kifi ce cuta ba. Kifi yana shaƙar iskar da ta narke cikin ruwa, kuma ruwan zafi bai riƙe iska kamar ruwan sanyi. Da rana gansakuka da ciyawar ruwa suna ƙara wa ruwa iska, da dare kuwa su ma shaƙa suke yi. Saboda haka gab da asuba ne iska ta fi ƙaranci. Idan bazara ta yi tsanani, tabki ya ja baya, kifaye suka cunkushe, ga kashin bisashe yana ruɓewa a ciki, sai a wayi gari kifaye suna haki a saman ruwa, manya su fara mutuwa. Alamun da dattijon ya faɗa mana sun fi kama da wannan. Amma mun ce masa ya kira ma'aikatan ruwa da gandun daji su duba, domin gani ya kori ji.

Abin da gona ta zubar, tabki ke sha

Tabkin Apopka na jahar Fulorida ya yi suna ƙwarai wajen kamun bas, mutane suna zuwa daga nesa. Daga 1941 aka datse fadamar da ke arewacinsa aka mai da ita gonakin lambu, wajen hekta 8,000. Ruwan da ya wanke gonakin, da taki da maganin ƙwari, sai a tura shi cikin tabki. Taki ya ciyar da gansakuka, ruwa ya koma kore shar tun daga 1947, hasken rana ya daina kai wa ƙasa, ciyawar da bas ke laɓewa ciki ta mutu, bas ya ƙaranta, masu cin abinci da tabkin suka watse. A 1980 kuma maganin ƙwari ya malala daga wata masana'anta ya ƙara dagula al'amari. Masana sun tarar da kadojin tabkin da nakasa a gaɓoɓin haihuwa, ƙwansu da yawa ba ya ƙyanƙyashewa.

Daga 1996 hukuma ta shiga sayen gonakin don mai da su fadama. Da aka sake musu ruwa a ƙarshen 1998, tsuntsaye masu cin kifi suka sauka, kusan 700 suka mutu saboda tsohon maganin da ya kwanta cikin ƙasa. An kashe kuɗi masu ɗimbin yawa kafin ruwan ya fara washewa, aka sake zuba ƴaƴan bas. Ɓarna ta shekara 50, gyaranta ya ci shekaru fiye da 20.

Wani binciken kuma, wanda hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta yi daga 1995 zuwa 2004 a wurare 111 na manyan koguna, ya gano abin mamaki. Cikin kowane namijin bas 100 da aka duba, 18 suna da ƙananan ƙwai irin na mace a cikin gaɓarsu ta haihuwa. A wani wuri na kogin Pidi, a Karolina ta Kudu, abin ya kai 91 cikin 100. Masana suna tuhumar wasu sinadarai da ke kwaikwayon abin da ke sarrafa haihuwa a jikin mace, waɗanda ke shiga kogi daga ƙazantar birane, da garken dabbobi, da gonaki. Kifi ya zama ɗan saƙo ke nan. Jikinsa ke faɗa wa mutane halin ruwan da suke sha.

Mu da muke noman rani a bakin tabkuna, muna fesa wa albasa da tumatir da kabeji magani, wannan labari namu ne. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Zaiba cikin nama

A 1989 hukumar lafiya ta Fulorida ta gargaɗi jama'a su daina cin bas na babbar fadamar Ebagiled, domin an sami zaiba da yawa a namansa. Zaibar ta fito ne daga hayaƙin ƙona shara da makamantansa, ruwan sama ya sauko da ita. A cikin laka wasu ƙananan halittu suna juya ta ta zama dafi mai shiga jiki. Ƙwari su ci, ƙaramin kifi ya ci ƙwari, bas ya ci ƙaramin kifi. A kowane hawa dafin ƙaruwa yake yi, domin jiki ba ya saurin fitar da shi. Saboda haka tsohon kifi babba mai cin ƴan uwansa shi ya fi tara ta. Dahuwa ba ta kashe zaiba, banda ma ba ta kore ta. Wanda ta fi yi wa illa shi ne jaririn da ke ciki da ƙaramin yaro, don ƙwaƙwalwa take taɓawa. Da aka sa wa wuraren ƙona shara doka, zaibar jikin bas ta ragu sosai cikin ƴan shekaru.

Kada wannan ya sa a guji kifi. Kifi abinci ne mai gina jiki, kuma hukumomin lafiya na Amurka suna shawartar mai ciki ta ci shi sau 2 ko 3 a mako, ta zaɓi irin da bai tara zaiba. Dangin gargaza da na tarwaɗa suna cikin waɗanda suka yaba. Abin da ya shafe mu shi ne, ana haƙar zinariya a ƙasarmu, a wurare irin su Komabangu da Jado, kuma masu wanke zinariya da yawa a Afirka ta Yamma da zaiba suke aiki. Ƴaƴanmu da ke zuwa can su sani: hayaƙinta guba ne, kuma wadda ta bi ruwa tana iya dawowa cikin tukunya.

Baƙon da ya kori masu gida

Saboda daɗin kamunsa, mutane sun kai bas ƙasashe da yawa. An kai shi Japan a 1925, Afirka ta Kudu a 1928, tabkin Naibasha na Kenya a 1929. A ƙasar Sin kiwonsa ake yi cikin tabkunan hannu, inda a 2021 aka samu fiye da tan 700,000. Amma inda aka sake shi cikin ruwan Allah, sau da yawa ya zama annoba. A tabkin Atitilan na ƙasar Gwatemala an zuba shi a 1958. Ya cinye ƙananan kifaye da ƙaguwa, ya kuma taimaka wajen ƙarar da wani tsuntsun ruwa da babu irinsa ko'ina a duniya, wanda ya ɓace ƙaf wajen 1989. A Afirka ta Kudu ya share ƙananan kifayen asali daga rafuka da dama. Japan kuwa tun 2005 ta kafa dokar hana shigo da shi, da kiwonsa, da sauya masa wuri. Yau yana cikin jerin baƙin halittu 100 mafi ɓarna a duniya.

Giwan ruwanmu ma ya yi irin wannan aika-aika. An zuba shi a tabkin Biktoriya na gabashin Afirka a shekarun 1950, kuma bayan ya yawaita a shekarun 1980, wajen iri 200 na ƙananan kifayen tabkin suka ɓace. Zuba kifi a tabkunanmu aiki ne mai albarka, ya ciyar da garuruwa da yawa. Amma sai da shawarar masu sani, su faɗi irin da ya dace da yawan da ya dace. Mafarauci kaɗan yana hana gargaza cunkushewa ta tsumbure. In ya yi yawa kuwa, sai ya cinye tabkin.

Abin da za mu riƙe

Ya ƴan uwa, ga abin da muka tsinto daga wannan doguwar tafiya.

Mu girmama lokacin rufe tabki, mu bar wa kifi damar haihuwa. Mu bar koma mai ƙananan idanu, kada kuma mu mai da gidan sauro abin kamun kifi.

Kada mu wanke famfon feshi ko gwangwanin magani a tabki. Kada mu kama kifi da guba, domin wanda ya ci shi ma ya sha.

Kada mu ɗauki kifi mai rai daga wani ruwa zuwa wani ba da sanin ma'aikata ba. Koma da taru da gora, a shanya su a rana su bushe sarai kafin a kai su wani tabki.

Idan muka ga kifaye sun mutu da yawa, kada mu ci, kada mu sayar, kada mu banda su mu kai kasuwa. Mu binne su nesa da ruwa, mu sanar da maigari da ma'aikatan ruwa da gandun daji. Wanda ya ci kifi ya ji amai ko zawo ko jiri, a gaggauta kai shi likita.

Uwargida in za ta sayi ɗanyen kifi, ta duba idonsa ya zama garau, ta ɗaga marfin kunnensa ta ga ja, ta danna nama ta ji tauri. Ta kuma dafa shi ya nuna sosai.

Abu na ƙarshe ya shafi karatunmu. Duk abin da masanan nan suka gano, da alƙalami da littafi suka gano shi. Sun rubuta rana, sun rubuta nauyi, sun rubuta wuri, shekara da shekaru. Mu ma yanzu mun iya rubutu. Kowace ƙungiyar masunta ta sayi littafi guda, ta riƙa rubuta irin kifin da aka kama, da kilo nawa, da ranar da aka ga mace-mace, da launin ruwa a ranar. Dattijon da ya yi mana tambaya ya riga ya buɗe nasa, kuma mun ga shafin farko da idonmu. Malaman cibiyoyi su karanta wannan shafi tare da ɗalibai, su tambaye su: waɗanne kifaye ne iyayenmu suka sani a tabkinmu waɗanda yau babu su? Ku aiko mana da amsoshinku, za mu buga su a fitowa ta gaba.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya cika tabkunanmu, ya ba mu lafiya da zama lafiya. Amin.